Ƙwaryar Bara da Aka Kife wa Sojoji

A nan Garwa, duk wanda ya saba ganin almajiri tsaye a ƙofar gida da kwanonsa bayan magariba zai ɗauka cewa mai karɓar sadaka ba shi da ta cewa a gari. Ni ma haka na ɗauka, har na ci karo da labarin sufayen addinin Buddha na ƙasar Miyanma.

Sufin ɗariƙar Theravada, reshen addinin Buddha da ake bi a Miyanma, yana rayuwa ne a kan dokoki 227: ba ya karɓar kuɗi, ba ya cin abinci bayan rana ta take tsaka, kuma an hana shi zuwa kallon rundunar yaƙi ba tare da dalili ba. Nassosinsu ma sun jefa hirar sarakuna da ta yaƙi cikin zancen banza. A Tailan da Miyanma doka ba ta ba sufi damar kaɗa ƙuri'a ba.

Sai dai a watan Agusta na 2007 gwamnatin soja ta Miyanma ta tsawwala farashin mai, kuma da sufaye suka fito a garin Pakokku a farkon Satumba, jami'an tsaro suka lakaɗa musu duka. Sufayen suka nemi a ba su haƙuri, aka yi kunnen uwar shegu da su, sai suka kife ƙwaryar bararsu, wato suka daina karɓar sadakar sojoji da iyalansu. A aƙidarsu mai zuba shinkafa a ƙwaryar shi ne mai cin riba, domin ta nan yake samun lada, saboda haka kife ta tamkar rufe wa janar ƙofar lada ne. Dubbai suka yi jerin gwano a Yangon, birni mafi girma a ƙasar, kafin sojoji su buɗe wuta su kuma farma gidajen ibada cikin dare.

Ban ce duk sufin da ya shiga siyasa alheri ya kawo ba. A Siri Lanka jam'iyyar da ta tsayar da sufaye zalla ta ci kujeru 9 a majalisa a 2004, kuma a Miyanma ɗin nan wani sufi mai suna Wirathu ya shafe shekaru yana hura wutar ƙiyayyar Musulmi, sanye da irin mayafin da aka zubar wa jini a Yangon.

Duk da haka ƙwaryar ce ke dawo mini a rai idan zaɓe ya ƙarato, na ga mota ta tsaya a ƙofar wani malami ana sauke buhunan shinkafa da sukari, ɗalibai suna ta rige-rigen shigar da su zaure.