Tayoyin da na je Gembu da su

Shekara goma sha ɗaya ina kan Boxer, ban taɓa tsugunawa na karanta abin da aka rubuta a gefen taya ba. In ta suɗe sai in tsaya wurin mai faci, ya aiki yaronsa ya sayo wata, a sa, in biya, in kama gabana. A wurina taya dai baƙar roba ce.

A 2022 na sayi Honda CB500X, mai injin cc 471 da silinda biyu. Nauyinsa ya kusa kilo 200 in tanki a cike yake, tankin kuma yana cin lita 17 da ɗoriya. A unguwarmu duk babur ɗin da ya fi na 'yan acaɓa girma fawa-baik ne, amma a wurin masu harkar wannan matsakaici ne: ya wuce na cefane, bai kai manyan nan masu cc 1,000 zuwa sama ba. Daga Legas aka ɗoro min shi a bayan mota, ko ledar kujera ba a cire ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya. Hajiyarmu ta zagaya shi sau ɗaya ta ce, "To, Allah ya tsare. Amma da kuɗin nan ai da mota ka saya." Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa.

Tayoyin da ya zo da su Dunlop Trailmax Mixtour ne. Na yi wajen kilomita 9,000 a kansu, tsakanin Kano da Zariya da Katsina da Daura da Dutse, ba su taɓa saɓa min ba. Ni ne dai na raina su. Na cika wayata da hotunan Turawa masu ratsa sahara, kowanne da taya mai manyan haƙora kamar ta tarakta, sai nawa suka koma min kamar takalmin zuwa ofis. Da muka sa ranar tafiya Gembu, a kan tsaunin Mambilla na jihar Taraba, mu uku, a ƙarshen daminar 2023, ta bayan ta riga ta yi nisa da cinyewa, sai na samu hujjar da nake nema.

Bakanikena dattijo ne, ya daɗe yana taɓa manyan babura, Baba muke ce masa. Da na nuna masa hoton tayar da nake so bai ce komai a kanta ba. Hannuna ya ja, muka tsuguna gaban babur ɗin, ya ce, "Alhaji, karanta min nan." Na karanta: 110/80R19 59H a gaba, 160/60R17 69H a baya. Ya ce to fassara. Na yi shiru.

Ga yadda ya warware min. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, amma kaso ne na faɗin: 60 cikin ɗari na 160, wato milimita 96. R na nufin radiyal ce, yadda aka shimfiɗa zaren da ke cikinta ke nan. Sai girman rim da inci, 19 a gaba, 17 a baya. Lambobin ƙarshe su ne waɗanda kowa ke tsallakewa, alhali su ne na matafiyi: 59 na nufin tayar za ta ɗauki kilo 243, 69 kuma kilo 325, H kuwa iyakar gudun da aka gina ta a kai, kilomita 210 a awa. Ya ce, "Kai da jakunkunanka da galan ɗin mai da ruwa, kusan duk a kan ta baya za ku zauna. Kada ka yarda lambar nan ta yi ƙasa da wadda kamfani ya sa."

Neman girman kansa ya zame min aiki. Na zaga Ƙofar Ruwa, na leƙa 'yan taya. Tayar Boxer kam ga ta nan tuli, 2.75-17 da 3.00-17, har wani yaro ya miƙo min ɗaya yana cewa, "Yallaɓai, ai duk sha bakwai ce." Sha bakwai ɗin ce kuwa, sai dai faɗinta bai kai rabin tawa ba. Tun a nan ya kamata in gane cewa abin da na rasa a Kano ba zan same shi a Serti, can kan hanyar Gembu, ba. Dole na koma ga masu sayarwa a Legas, ciniki ta WhatsApp, kaya ta mota.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Na farkon da aka turo an naɗe su da leda, suna ƙyalli, kuɗinsu ma da sauƙi. Baba ya juya ta baya ya nemo inda aka rubuta DOT, ya ɗora yatsa a kan lambobi huɗun ƙarshe: 3417. Mako na 34, shekarar 2017. Shekararta shida ke nan tana kwance a wani sito. Shekara shida ba lallai ta kashe taya ba. Masu ƙera ta da dama cewa suke yi in ta haura biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta na nan. Amma wannan an ajiye ta a zafi, robar ta bushe, farce ba ya shiga, ga 'yan tsage-tsage a gindin haƙoran. Ƙyallin ashe mai aka shafa. Kwana tara muna ja-in-ja da mai shagon kafin ya musanya, kuɗin motar komawa kuma daga aljihuna. Tun daga ranar ba na tura ko sisi sai an ɗauko min hoton lambar nan.

Na biyun sababbi ne, na shekarar. Masu haƙora, irin waɗanda ake cewa rabi kwalta rabi daji. Babu 160/60 a irinsu, sai na karɓi 150/70-17, wadda rim ɗin yana ɗauka, amma gefenta milimita 105 ne, don haka bayan babur ya ɗan ɗaga. Harafin gudunta Q ne, kilomita 160 a awa. Wannan bai dame ni ba, ba ni da hanyar da zan kai haka. Baba ya sa su, ya duba kibiyar da ke nuna inda taya za ta riƙa juyawa, ya daidaita nauyinsu, ya ce in bi a hankali kilomita 150 na farko don sabuwar taya tana da santsi. Sannan ya tambaye ni, "Daga nan zuwa Gembu, kilomita nawa ne ba kwalta?" Na ce ai hanya ta lalace. Ya ce, "Kwalta mai rami daban, burji daban." Na yi dariya na ba shi kuɗinsa.

Hanyar ta haura kilomita 1,000: Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Garba Chede, Bali, Serti, sannan a hau dutse. Ba mu tafiyar dare, don haka kwana uku muka ware. Tun kafin Birnin Kudu na san na sayo wa kaina ƙara. In na kai kilomita 90 a awa sai tayar gaba ta kama wani kuka kamar injin markaɗe a nesa, yana shigowa har cikin hular kwano. Hannun babur yana ɗan karkarwa, ba mai yawa ba, amma bayan awa huɗu yatsuna sun mutu. Kusa da Ningi wata akuya ta yanko titi, na damƙe birki, sai na ji ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa, tana bugun yatsuna a wurin da tsofaffin tayoyina za su tsaya ba gardama. Dalilin a fili yake: tsakanin haƙori da haƙori fili ne, robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce.

Maganar iska ma sai da ta taso. A Gombe da la'asar na sa geji na ga ta baya ta haura abin da na sa da safe da kusan biyar. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ya ce in rage. Da na bi tasa, da washegari na tashi da taya mai ƙarancin iska, ga kaya, ga zafin hanyar Numan, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta lalace. Iska tana buɗewa in ta ji zafi, shi ya sa ake auna ta da safe kafin a motsa, a bi lambar da ke jikin takardar da aka manna a babur ɗin. Gejin aljihu ba shi da tsada. Mai facin bakin hanya kuwa sau da yawa da babban yatsa yake aunawa, ko ya ƙwanƙwasa da sifana ya ce ta yi.

Tsakanin Garba Chede da Bali na ji bayan babur yana lilo. Ƙusa ce, a tsakiyar zane. Da yake tayar tubles ce, ba ta sace lokaci ɗaya ba, na lallaɓa har wani ƙauye. Mai facin wurin, bawan Allah, ya ɗauko guduma da ƙarafunan da yake ɓalle tayar mota da su. Na ce, "Malam, don Allah dakata." Rim ɗina na alminiyam ne, in bakinsa ya lotsa ba zai ƙara riƙe iska ba. Na ciro 'yar jakar facin da Baba ya tilasta min saya, muka zare ƙusar da filaya, muka goge ramin, muka cusa igiyar roba mai danƙo, muka yanke saura. Ko cire tayar ba mu yi ba. Ya ba ni iska, ya ƙi karɓar kuɗi, sai dai ya roƙi igiya biyu. Ina sane da cewa sa'a na taka. Irin wannan faci a tsakiyar taya kawai yake yi, kuma na lallaɓawa ne. Da gefe ne ya yage, sai dai a ɗora babur a mota zuwa Jalingo a zauna jiran saƙo daga Legas.

Daga Mayo Selbe ake fara hawa. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, ga hazo, ga yayyafi. Duk tafiyar ba inda na ji tsoro kamar nan. In na kwantar da babur a kwana sai in ji haƙoran gefe suna lanƙwashewa a ƙarƙashina, kamar mai taka katifa. Ba ta zame ba, kada in yi mata ƙage, amma ba ta ba ni natsuwa ba. Abokina da ke kan tayoyi masu zanen kwalta ya wuce abinsa, sai a Maisamari na same shi yana shan shayi, har ya huce.

Ranar tayoyina ɗaya ce. Daga Nguroje muka bar kwalta muka bi wata hanyar jar ƙasa wajen gonakin shayi na Kakara, bayan ruwan dare. Nan kam haƙoran suka yi aikinsu: suna tona, suna watsar da laka, abokan nawa suna ta jan ƙafa a baya. Na fara jin kaina. Ana cikin haka sai ga wani saurayi a kan Boxer, da buhu biyu a baya, tayarsa ta baya sumul kamar tafin hannu. Ya gaishe ni, ya bi ta gefe ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Babur ɗinsa bai fi rabin nauyin nawa da kayana ba, kuma kowane rami na hanyar ya san shi. Ba a yi minti goma ba na kwanta a wani gangare, da haƙoran da komai. Mutum biyu suka taya ni ɗagawa, wata tsohuwar Land Rover irin wadda ta cika tsaunin tana tsaye tana jiran mu ba ta hanya.

Da muka dawo Kano na duba mita. Mun yi kusan kilomita 2,400, kuma duk inda na lissafa, wanda ba kwalta bai kai 100 ba. Tsakiyar tayar baya ta baje, ta zama kamar an daddatse ta da wuƙa, gefe kuma sabo fil. Haƙoran ta gaba sun cinye a karkace, gaba tudu baya gangare. Kafin ta baya ta cika kilomita 4,500 ta taɓa alamar ƙarewa, 'yan tudun nan da ke cikin zane inda aka rubuta TWI a gefe. Rabin abin da tayar kamfani ta yi min ke nan, a kan kuɗin da ya fi nata.

Yanzu Pirelli Scorpion Trail II ne a kai, na koma girman asali, 110/80 da 160/60, gaba da baya iri ɗaya. Tayar kwalta ce mai ɗan zurfin zane, tana shiga burji busasshe ba matsala, a laka kuwa sai haƙuri, kuma na yarda da wannan cinikin. Kusan irin wadda babur ɗin ya zo da ita ce, abin da Baba bai fasa tuna min ba. Ina yin odar ta baya tun saura kwata, don ba abin da ake samu ranar da ake buƙata ba ne. Geji da igiyar faci da ɗan famfo mai aiki da batir ba sa barin ƙarƙashin jakata.

Tsohuwar ta baya tana ƙofar gida, an zagaye wani dashen darbejiya da ita. Ta gaban tana rataye a garejin Baba, da sauran rai a jikinta. Ya ce duk ranar da na shirya tafiya Bilma, can cikin saharar Nijar, in zo in ɗauka, ba zai caje ni kuɗin ajiya ba.