Neman alƙaluman daminar baya daga hannun masana yanayi

Duk wanda aka ɗora wa rubuta rahoto kan noma, ko kiwo, ko ruwan sha a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ba zai yi nisa ba zai iso babin da ake so ya bayyana yadda damina ta kasance a shekarun baya. Masu ba da kuɗin aiki suna son wannan babi, domin a kansa ake kafa hujjar gina madatsar ruwa, ko raba irin gero mai saurin nuna, ko haƙa rijiyoyi. A aikin da nake yi na rubuta irin waɗannan rahotanni, na lura cewa samun alƙaluman ya yi sauƙi ƙwarai a yau, amma samun masanin da zai zauna ya gaya maka iyakar abin da alƙaluman za su iya tabbatarwa, nan ne aikin yake.

Wuraren nema sanannu ne. A Najeriya akwai hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, kuma ita ce ta gaji kundayen tashoshin da aka buɗe tun zamanin Turawa. Awon ruwan Kano, alal misali, ya faro ne tun 1905. Ana rubuta mata takardar buƙata, a biya kuɗin da ta yanka, sannan ta bayar. A Yamai akwai cibiyar nazarin yanayi da noma da ruwa ta AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 a ƙarƙashin ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel, bayan farin da ya addabi yankin Sahel, ga kuma cibiyoyin binciken noma irin na Samaru a Zariya da ke da nasu ma'aunan. Bayan waɗannan, akwai tarin alƙaluman da ake saukewa kyauta a intanet: CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya fara daga 1981, TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila, daga 1983, da CRU na Jami'ar East Anglia, wanda ya koma baya har 1901.

Sauƙin na kyauta shi ke yaudarar mai rubutu. CHIRPS da TAMSAT sun dogara ne da tauraron ɗan adam, shi kuwa ba ya auna ruwan da ya zuba a gona. Sanyin saman gajimare yake aunawa, sannan a ƙiyasta ruwan daga nan, a daidaita ƙiyasin da ma'aunan da ke ƙasa. Shi kuwa CRU, ya raba taswira ne murabba'i-murabba'i, kowanne ya kai kusan kilomita 55 a kowane gefe, kuma ana cike shi ne daga tashoshin da ke kusa, ta yadda idan aka rasa tasha mai rahoto a wata shekara, alƙalumin yakan koma kan matsakaicin da aka saba. Ma'ana, shekara za ta iya fitowa lafiya ƙalau a jadawali don kawai babu wanda ya auna ta. Manomi ya san cewa hadari kan sauke ruwa a wannan ƙauye ya tsallake na gaba, amma murabba'i mai kilomita 55 a kowane gefe bai san da haka ba. Wannan bayani yana rubuce a takardun da ke rakiyar alƙaluman, sai dai kaɗan ne daga cikinmu ke karanta su, shi ya sa zama na sa'a guda da masani ya fi mako guda na saukewa.

Yadda ake roƙon ma yana da muhimmanci. Wasiƙar da ta ce a taimaka da bayanan yanayin Jigawa ba ta cika samun amsa ba, domin wanda aka aika wa bai san ta inda zai fara ba, kuma yana da ɗalibai da nasa binciken. Wadda ke samun amsa ita ce wadda ta ambaci tashar, da shekarun, da abin da ake so, ruwan sama ne ko zafi, na kullum ne ko na wata-wata, sannan ta faɗi tambayar da rahoton ke son warwarewa. Ina ƙarfafa a nemi na kullum in dai akwai hali, saboda jimillar wata ba ta nuna ranar faɗuwar damina, ba ta kuma nuna ɗaukewar ruwa bayan an yi shuka, alhali waɗannan biyu su ne ke sa mutum ya sake shuka sau biyu ko uku. Masana na da ma'aunin da suka daɗe suna amfani da shi a Sahel, wanda masani Sivakumar na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ya fitar a 1988: damina ta faɗi idan, bayan 1 ga Mayu, an sami milimita 20 cikin kwana uku, kuma ruwa bai ɗauke fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Ba a iya wannan lissafi da jimillar wata.

Idan fayil ɗin ya iso, kada a yi gaggawar zana jadawali. Wani malamin jami'a ya taɓa buɗe mini kwafin tsohuwar rajistar wata tasha, inda aka rubuta ruwan kowace safiya da hannu, a inci, kuma tsakiyar wani Agusta babu komai na kusan mako biyu. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce mai awon ne ba ya nan, amma wanda ya shigar da shafin a kwamfuta ya cike gurbin da sifiri, sai shekarar ta koma shekarar fari a kan takarda. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka haɗa tsohon awo da sabo ba tare da juyawa ba ɓarna ce babba. Haka nan wasu fayiloli kan sa lamba irin -99 a inda aka rasa awo, kuma kwamfuta za ta haɗa ta cikin lissafin matsakaici ba tare da ta ce uffan ba. Ya kamata kuma a tambaya ko an taɓa matsar da tashar, ko gari ya cim mata, domin yawancin manyan tashoshinmu a filayen jirgin sama suke, kuma gine-gine da kwalta na ɗaga awon zafi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce shekarar da za a fara ƙirga. Shekarun 1950 na ruwa ne sosai a Sahel, sannan aka shiga fari daga ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1972 da 1973, ya sake dawowa da ƙarfi a 1983 da 1984. Daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo. Saboda haka wanda ya fara jadawalinsa daga 1950 zai nuna damina tana raguwa, wanda kuma ya dogara da CHIRPS kaɗai, ya fara daga 1981, zai nuna tana ƙaruwa, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba. Tafkin Chadi ma haka ne: ana yawan kwatanta faɗinsa na kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 da ɗan abin da ya rage a tsakiyar shekarun 1980, ba tare da an ambaci cewa an ɗauko farkon ne daga lokacin da ya cika maƙil ba. Farfaɗowar ma ba irin damina ta da ba ce, domin wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Rahoton da ya tsaya kan jimillar shekara zai ce an sami sauƙi, alhali ambaliya da zaizayar ƙasa suna ƙaruwa. Hukumar yanayi ta duniya tana auna matsakaici da shekara talatin, kamar 1961 zuwa 1990, ko 1991 zuwa 2020, kuma wajibi ne rahoto ya faɗi wanne ya ɗauka da dalilin ɗaukarsa.

Sauran abin da ya rage na ladabi ne da tsari. A sa kuɗin sayen alƙaluma da lokacin jira a cikin kasafin aikin tun farko, a mutunta sharaɗin da hukuma ta gindaya na kada a miƙa wa wani fayil ɗin, a kuma ambaci sunan cibiyar a ƙarƙashin kowane jadawali. Ni dai nakan aika wa masanin da ya taimaka mini daftarin babin kafin a buga, in roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta faɗi fiye da abin da alƙaluman suka nuna, kuma yawancin gyaran da ke dawowa a kan kalmomi irin “kullum” da “babu shakka” yake faɗawa.