Talata: tabo uku a farantin silika

Haɗin da aka ɗora jiya da yamma ya kwana a kan wuta awa 18, a digiri 150, ƙarƙashin iskar naitirojin. Abin da ke cikin kwalbar: giram 1.09 na benzofenon (zobba biyu na kabon da kabonil, wato kabon mai riƙe da oksijin, ya haɗa su a tsakiya) mai fulorin biyu, ɗaya a ƙarshen kowane zobe, wato milimol 5, giram 1.84 na kabazol, milimol 11, giram 2.07 na garin fotasiyam kabonet. Sai mililita 20 na DMF, ruwan da ake narka su a ciki. Abin da ake nema shi ne kabazol ya ture fulorin ɗin nan biyu ya zauna a gurbinsu, a samu sinadarin da ake kira Cz2BP, mai ba da haske a fitilar OLED irin ta fuskar waya. In komai ya tafi daidai, iyakar abin da lissafi ya yarda a samu giram 2.56 ne.

Da safe na ɗiga kaɗan a farantin silika, wanda ke rarraba abubuwan da ke cikin haɗi tabo-tabo, na tsoma a gaurayen hekzen da daikulorometen. Ban da ragowar kabazol, tabo uku suka fito maimakon ɗaya. Babban shi ne abin da ake so. Na biyu wanda kabazol ɗaya kawai ya kama ne, fulorin guda na nan daram. Na ukun yana ƙasa, rawaya ne ko ba fitila, kuma shi ne ya ba ni haushi, don na san daga ina ya zo. Na buɗe kwalbar DMF ɗin, sai ga ƙarni irin na kifi. DMF idan ya tsufa, ko aka dafa shi da gishiri mai kaifi kusa da inda yake tafasa, wato digiri 153, yana sakin daimetil'amin. Wannan ɗan ƙaramin amin ya fi kabazol zafin nama nesa ba kusa ba, yana riga shi zuwa gurbin fulorin. Tabo na biyu kuwa laifin fotasiyam kabonet ne. Ba a gasa shi ba, ba a niƙa shi ba, ya sha raɓar iska, sai ya kasa cire wa kabazol haidirojin ɗinsa yadda ya kamata.

Ɗalibar da ke aiki a teburin gefe ta tambaye ni, "Malam, me ya sa ba mai buromin muka ɗauka ba, tunda fulorin ya fi riƙo?" Tambaya ce mai kyau. A irin wannan musanya, wuyar aikin tana wajen shigar kabazol cikin zoben, ba wajen fitar wanda zai fita ba. Fulorin yana janye elektiron daga kabon ɗin da yake kai, kabonil na tsakiya ma yana ja daga can, sai ƙofa ta buɗe. Mai buromin kuma wata hanya ce daban, tana bukatar faladiyam da fosfin da sodiyam butoksaid a cikin tolwin a digiri 110. Tana aiki sosai, musamman da akiridin ko fenokzazin, amma tana barin ɓurɓushin ƙarfe, kuma a sinadarin da zai ba da haske ɓurɓushin faladiyam annoba ne.

Na juye haɗin cikin mililita 200 na ruwan ƙanƙara, na tace, na wanke da ruwa har sau uku, sannan da metanol mai sanyi don ya tafi da ragowar kabazol. Tacewa a bututun silika ta ci mini har azahar. An samu giram 1.6, kusan kashi 62 cikin 100. Gobe za a duba da na'urar NMR, mai nuna tsarin sinadari: ana so kabon ɗin kabonil ya bayyana wajen 195 a ma'auninta, kuma gwajin fulorin ya fito fayau ba komai. In an ga ko ɗigon alamar fulorin, to wanda kabazol ɗaya kawai ya kama ya biyo.

Duk wannan wahala saboda hali guda ne na benzofenon. Idan ya sha haske ya hau matakin da ake kira singilet, ba ya daɗewa a can, cikin ƙasa da ƙiftawar ido, wajen fikosakan 10, kusan dukkansa yake tsallakawa matakin tirifilet, inda elektiron biyun ke juyi gefe ɗaya. Ƙarfin wannan mataki ya kai kusan elektiron-bolt 3. A fitilar OLED, irin ta fuskar waya, wutar lantarki tana haifar da singilet kashi 25 ne kawai, sauran 75 tirifilet ne, waɗanda a sinadari na yau da kullum zafi suke zama su lalace. Shekaru da dama maganin abin shi ne iridiyam ko falatinam, masu ɗan karen tsada. A 2012 Chihaya Adachi da abokan aikinsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka nuna cewa in aka matso da matakan nan biyu kusa da juna, tazarar ta koma wajen elektiron-bolt 0.2 ko ƙasa, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya mayar da tirifilet singilet ya ba da haske, sai dai a makare. Wannan haske na makare shi ake kira TADF. A 2014 suka fitar da jerin masu benzofenon a tsakiya, har da wannan Cz2BP mai shuɗin haske.

Dabarar matso da matakan ita ce a raba wurin da elektiron ke tashi da wurin da yake sauka. Kabazol ke bayarwa, kabonil ke karɓa, kuma gwargwadon murɗewar da ke tsakaninsu, gwargwadon ƙanƙantar tazarar. Kabazol murɗewarsa rabi da rabi ce. Akiridin mai metil biyu kuwa kusan a tsaye yake kan zoben, shi ya sa DMAC-BP, wato benzofenon mai wannan akiridin, mai koren haske, ya ba da ingancin da ya kusa kashi 19 cikin 100 ba tare da an gauraya shi cikin wani sinadari ba, alhali sinadari na yau da kullum, mai amfani da singilet kaɗai, bai cika wuce 5 ba. Amma a ganina ana yawan yabon benzofenon fiye da kima. Zobbansa biyu suna lilo a jikin kabonil, lilon nan yana cinye ƙarfin da ya kamata ya zama haske, kuma yana faɗaɗa launin ya rasa tsabta. Shi ya sa masu neman shuɗi tsantsa suke ɗaure zobban da gada, su koma zanton ko akiridon.

Bayan la'asar na narka ƙwaya kaɗan a tolwin na sa ƙarƙashin fitilar nanomita 365. Haske ya fito, amma raunana. Na busa naitirojin ta allura minti 15, ya ƙaru. Oksijin shi kansa tirifilet ne a zamansa na yau da kullum, don haka da ya haɗu da tirifilet ɗin sinadarin sai ya ƙwace ƙarfin. Wanda ya auna jinkirin haske bai kori oksijin ba, aikin banza ya yi. Don awo na gaske busawa ba ta isa ba, sai an daskarar, an zuƙe iska, an narkar, sau uku. Kafin kuma a yi maganar saka shi a na'ura sai an tace shi ta hanyar turara shi a bututun da aka zuƙe wa iska, ya sake daskarewa a gefe mai sanyi.

Da fitilar nan dai ta 365 masu binciken magani suke nasu aikin, kuma tirifilet ɗin nan dai suke nema, sai dai su so suke ya yi cizo. Oksijin ɗin kabonil da ya sha haske yana fizge haidirojin daga duk wani kabon da ke kusa, tazarar kamar angistirom 3, sannan ɓangarorin biyu su manne har abada. To idan aka liƙa benzofenon a jikin sabon magani, aka bar shi ya zauna a inda yake zama cikin furotin, aka haska, sai ya kafe a wurin, a gano furotin ɗin da kuma gurbin. Ana yi a kan ƙanƙara, minti 15 zuwa 30, wani lokaci fiye. Fa'idarsa biyu: nanomita 365 ba ya ƙona furotin kamar 254, kuma in bai sami abin cizo ba sai ya sauko lafiya ya jira wani hasken, ruwa bai kashe shi. Aibinsa ma biyu: ƙato ne, yana iya hana maganin shiga gurbinsa, kuma yana da kwaɗayin metiyonin, har yakan bar na kusa ya kamo shi, a zaci nan ne mazaunin. Dole a ajiye kwalba ɗaya a duhu, a kuma yi wata da aka cika da maganin da ba shi da benzofenon. Alamar da ba ta dushe ba a wannan ta biyun, ƙarya ce.

A cikin magungunan da ke kasuwa kuwa, wannan halin matsala ne. Ketofurofen, na ciwon gaɓoɓi, benzofenon ne da 'yar jela. Wanda ya shafa man sa ya shiga rana, fatar na iya yin ja ta yi ƙuraje masu ruwa, shi ya sa takardar cikin kwalin ke cewa a rufe wurin lokacin shafawa da mako biyu bayan an daina. A ranar ƙasar Hausa wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin ketofurofen ta haka, yana iya ƙin fenofibret na rage kitsen jini, don ƙashin bayansu ɗaya. Tolkafon na cutar Parkinson shi ma ɗan gidan ne, amma abin da ya sa aka dakatar da shi a Turai a 1998 hanta ce, ba rana ba. Mebendazol da ake ba yara na tsutsar ciki yana ɗauke da rabin siffar, kuma dayazefam, da ya shigo kasuwa a 1963, daga aminobenzofenon mai kulorin ake gina shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne oksibenzon na man kariya daga rana. An sa masa OH guda a maƙwabcin kabonil. Da haske ya sauka, haidirojin ɗin ya yi tsalle zuwa oksijin ɗin kabonil ya dawo, ƙarfin ya fita a matsayin ɗumi kafin a kai ga tirifilet. Saboda wannan OH ɗin, mai cizo ya koma garkuwa.

Kafin magariba na sa fotasiyam kabonet a tanda a digiri 150 ya kwana, gobe a niƙa shi da zafinsa. Tsohon DMF ya tafi jarkar shara. Za a maimaita da sabuwar kwalbar NMP, wani ruwan narkawa, a madadin DMF, kabazol kuma a ƙara shi zuwa milimol 12, a duba faranti a awa 6 da awa 12 maimakon a jira safiya.