Tawadar da ke Babban Yatsan Iya

Shekara uku na yi ina tattara bayanai a ƙauyukan Jigawa, ƙarƙashin wata ƙungiyar bincike da kuɗinta ke fitowa daga Turai, kuma yanzu da na ajiye aikin, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar takardar amincewa, wadda mutum ke dangwala wa yatsa don nuna ya yarda a yi masa tambayoyi. A ƙa'ida ana karanta wa mutum ita, a shaida masa cewa yana da damar ƙin amsawa kuma babu tallafin da zai biyo baya. To amma a farar mota mai tambari muke sauka, mai unguwa ya shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidansa, ya aika a kira mutane. Wa zai buɗe baki ya ce a'a?

Wata dattijuwa, bayan ta lissafa mini awakinta da damin geron da ya rage a rumbu da 'ya'yan da ta binne, ta dubi tawadar da ke babban yatsanta ta ce, "Ɗan nan, yaushe za a kawo mana abin?" Na san sarai babu abin da za a kawo, amma na ce, "In Allah Ya yarda, Iya," domin gwargwadon takardun da muka cika ake biyanmu, kuma la'asar ta gabato.

Da na kai maganar gaban shugabar binciken, wadda ke leƙo mu sau ɗaya a shekara, sai ta ce kwamitin jami'arsu ya riga ya amince da takardar. Haka kuma ba ta taɓa gane dalilin da ya sa wasu magidanta ke juya mana baya ba, alhali mutane ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, aka rasa 11, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75.

Ga masu shigowa aikin, ku nemi a rubuta wanda sunansa zai hau rahoto tun kafin ku fita tattara bayanai, kuma kada ku yarda da biya bisa ƙirgen takardu. Namu rahoton da Turanci ya fito, ɗauke da bayanin adashin mata da na rubuta da hannuna, babu sunana ko a shafin godiya. Bara tafiya ta biyo da ni ta garin Iya, na ce wa direba ya wuce kawai.