Idon hular Hongo ya zauna, amma ya ci kuɗina

Jama'a, idon ya zauna. Daren jiya na ɗora na hagu, na koma bakin ƙofa na hango hular, sai na ga Hongo Takeshi, jarumin shirin talabijin ɗin Japan mai suna Kamen Rider, ne yake kallona, ba ɗan acaɓa da ya liƙa wa hular kwanonsa eriya ba. Hularsa nake haɗawa da hannuna, kuma waɗanda suka ga hoton da na saka kafin azumi sun san inda aka baro.

Tsarina na farko shi ne ƙoƙon kai, sai muƙamuƙi, sai ido, sai fenti, bel a ƙarshe. Tuni wannan tsari ya watse. Ƙoƙon bai wahalar da ni ba, robar EVA mai kaurin milimita 8 ce daga wajen masu kayan takalmi a Ƙofar Wambai, da gam irin nasu, sauran kun sani. Muƙamuƙin yana nan a yanke cikin leda. Bel ɗin Hongo mai suna Typhoon da ya kamata ya zo ƙarshe kuwa har na gama farfelarsa, domin duk daren da ido ya ƙure ni, kansa nake hucewa.

Wajen yin idon, robar kwalbar lemo na fara gwadawa, kamar kowa. Da ta ji zafi sai ta tsuke, in ka ƙara mata ta yi fari fat. Na koma kan akirilik mai milimita 2, na sa kafinta ya sassaƙa mini katako siffar rabin ƙwai, na gasa a oban na danna a kai. Ya fito sumul, har na yi ta nuna wa mutanen gida. Ina fesa masa fenti ta ciki, kafin ya bushe ya tsattsage kamar an bi shi da allura. Akirilik da aka lanƙwasa da zafi ba ya jure sinadarin da ke cikin fentin gwangwani, ku riƙe wannan. Falle guda N9,500 na saye shi, rabinsa ya tafi a nan. Ragowar kuma sufa gulu ya ɓata mini biyu, hayaƙinsa ya bar farin hazo a gefe wanda ba ya goguwa. Ranar ban ci abincin dare ba.

Mai liƙa leda a fitilun mota ne ya fitar da ni. Na kai masa idon, ya jujjuya shi ya ce, "Yallaɓai, ai ta waje za a sa, ba ta ciki ba." Ya ja jar ledar da draya a hankali har ta kwanta ba ƙwanƙwasa ko ɗaya. A bayanta na sa yankin murfin fitilar silin irin ta ofis, mai ƙananan gidaje, shi ya ba ni kamar idon fara. Sai takardar alminiyom da fitilun LED a can ƙasa. In aka kunna da dare abin sai wanda ya gani.

To a nan ainihin matsalar ta fito. Komai ya yi daidai da awo, amma fuskar ba tasa ba ce. Ƙanina ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan kamar an ba shi tsoro." Raina ya ɓaci saboda gaskiya ya faɗa. Na ɗaga idon, na sauke shi, na matso da shi tsakiya, na canza kaurin bakinsa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wani lokaci ya yi kama da mai mamaki, wani lokaci mai fushi. Har na fara zargin eriya.

Ashe baƙin layin nan ne da ke ƙarƙashin ido. Na yi shi gajere don ado kawai, tunda niyyata ta cikin manyan idanun zan riƙa gani. A hular asali kuwa, ta wannan baƙin gurbi mutumin da ke ciki yake leƙowa, jajayen idanun ba a gani da su. Kuma shi ne masoya suke ɗauka a matsayin zubar hawaye. Ku tuna waye Hongo. 'Yan ƙungiyar mugaye ta Shocker suka sace shi, suka mayar da jikinsa na'ura, ya kuɓuce kafin su taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma babu hanyar komawa mutum kamar kowa. Da abin da aka yi dodannin da yake kashewa aka yi shi. Ishinomori Shotaro, wanda ya ƙirƙiro shi, bai zana jarumi mai murna da ƙarfinsa ba. In ka gajarta layin nan, ka cire wannan duka daga fuskar, sai fara mai ƙyalli ta rage.

Wani daga cikinmu ya ce mini milimita kaɗan ce, wa zai lura? Yaran unguwa ba za su lura ba, na yarda. Amma ni da na kalli kashi 98 na shirin nan, wasu ma ina maimaitawa, ba zan iya rataye wannan fuskar a ɗakina in kira ta da sunansa ba. Kuma ba ni na fara wannan rigima ba. A 1971, ana cikin ɗaukar kashi na farko-farko, Fujioka Hiroshi, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Hongo, ya faɗi da babur ya karye a ƙafa, a lokacin shi da kansa yake shiga kayan ya yi faɗan. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe Hongo a labari. Ba a kashe shi ba, aka ce ya bi Shocker zuwa Turai, aka kawo wani sabon jarumi, Ichimonji Hayato, daga kashi na 14 ya riƙe wurin har ya warke. A 2016 Fujioka ya sake zama Hongo a fim, yana da shekara 70. Mu da muka taso da Power Rangers a faifan CD, sai daga baya intanet ta nuna mana asalin abin daga Japan yake, mun zo a makare, amma kamun da ya yi mana ɗaya ne.

Gyaran kansa bai da yawa. Na yanke gurbin na ƙara masa tsawon milimita 6, na karkata ƙarshensa ƙasa, na sauke gefen idon na waje kaɗan ya biyo shi. Ragar sauro ta taga na ninka biyu na fesa mata baƙi na toshe ta ciki. Shi ke nan fuskar ta nutsu. In na sa ta na ɗan sunkuyar da kai sai ta yi baƙin ciki, in na ɗaga haɓa ta yi taurin kai, alhali babu abin da ya motsa a jikinta. Ganin kuwa kaɗan ne ƙwarai, gefe babu, sama babu. Mutanen da suke tsalle da tuƙa babur a cikin irin wannan, na sara musu.

Yanzu ga sabon ciwon kai. Tsohuwar siffa nake so, mai duhun kore da ido ruwan hoda, ta kwanakin da yake shi kaɗai, kuma fentinta na riga na saya gwangwani biyu, N13,000. Ledar da na samu ja ce jawur, wato idon sabuwar siffa da ta fara daga kashi na 53, mai hula mai haske da safar hannu ruwan azurfa. Gaba kura baya sayaki. Haɗa su ba zan yi ba, ko da kuwa ba wanda zai gane. Wanda ya san inda ake samun ledar fitila ruwan hoda mai haske a Kano ko Kaduna, don Allah ya faɗa mini kafin in taɓa fenti.

Sannan zafi. Minti kaɗan a ciki gumi yake cika mini ido, gam ɗin wajen kunne ma ya fara sakin jiki. Ina da ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 5, ina tunanin ɓoye ta a bayan muƙamuƙi ta riƙa jan iska ta tsakanin haƙoran. Wanda ya taɓa sa fanka a tasa hular, ina ya ajiye batirin?