Talata: yau ajina ya yi magana

Ƙarfe tara na safe na shiga aji a nan Ingila, ɗalibaina kuma a can ƙasar Sin huɗun yamma ta yi musu, don a watannin nan tazarar awa 7 ce tsakaninmu. Dukansu sun samu gurbin digiri na biyu a jami'ar da nake koyarwa, amma makinsu na IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, bai kai ba, don haka sai sun yi wannan kwas na sharar fage ta intanet kafin Satumba.

Kamar kullum, kyamarori a kashe. Na tambaye su ko hujjojin maƙalar da na ba su jiya, kan biyan kuɗi ta waya, sun gamsar da su. Tsit. Wani abokin aikina yakan ce rashin sha'awa ne, ni kam ban yarda ba. Yaron da ya shafe shekaru yana shirin gaokao, jarrabawar shiga jami'a da suke yi duk watan Yuni, a aji mai cunkoso inda malami ke bayani kowa na rubutawa, ba dare ɗaya zai fara ja da marubuci ba, balle cikin harshen da yake tsoron yin kuskure a ciki. Mu da muka tashi a Zariya mun san wannan kunyar. Wa ya isa ya ce wa malam "ban yarda ba" a bainar jama'a?

Sai na ce kowa ya rubuta jimla ɗaya a akwatin hira na Teams, manhajar da muke darasi a cikinta, amma kada ya tura sai na ba da izini. Da na ce a tura, amsoshi suka zubo a tare, ba wanda ya zama na farko. Daga nan na raba su uku-uku, na bar su su fara tattaunawa da Sinanci kafin su koma Turanci.

Da muka dawo, wata ɗaliba daga Chengdu ta kunna kyamararta. A hankali take magana, tana duba takardar da ke gabanta. Ta ce marubucin ya yabi manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat Pay, amma ya manta da tsofaffi. Kakarta kan dawo daga kasuwa ranta a ɓace, saboda mai kayan miya ba shi da canji, sai dai ya nuna mata lambar da ake ɗauka da waya. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Wani daga Wuhan ya ce misali ɗaya bai isa hujja ba. Nan muka tsaya har lokaci ya ƙare, muna neman yadda za ta mayar da labarin kakarta sakin layi na ilimi, da irin binciken da za ta jingina da shi.

Gobe darasin faɗar maganar marubuci da kalmominka ne. Bidiyon da nake so su kalla yana YouTube, wanda a toshe yake a can, don haka dole in naɗi nawa bayanin bayan isha'i in ɗora musu.