Kashi 26 ɗin da na saka da hannuna

Makon jiya na kwashe takarduna daga ofishin kwamitin ilimi na majalisa, bayan shekara shida ina rubuta wa wasu abin da za su miƙe su faɗa a zaure. Abokan aiki sun ce in bar wa masu tasowa wani abu a rubuce. To ga shi, sai dai abu guda ne ke cina har yau, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Waɗanda muka yi zamani tare ba su manta shekarar da gwamnati ta kawo kasafin da ya zaftare kuɗin ma'aikatan makarantu ba. Ko'ina ka duba a cikinsa ba za ka ga kalmar kora ba. An dai dakatar da ɗaukar sababbi, kuma duk wanda ya yi ritaya, ko ya ajiye aiki, ko rai ya yi halinsa, ba za a cike gurbinsa ba. Minista ya yi ta nanata cewa babu malami ko ɗaya da zai rasa aikinsa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma malamin da ya tafi ai ba ya tafiya da yaran ajinsa. Gwama su ake yi da na ajin kusa.

Mako uku na yi ina haɗa wa shugaban kwamiti jawabinsa, kuma har gobe ina alfahari da abin da na haɗa. Gwamnati ta dogara ne da adadin ɗaliban da ke kan kowane malami a faɗin ƙasa, adadin kuwa ya yi kyau a takarda. Na nuna yadda ake samo shi: ana raba yawan yara ne da yawan duk mai karɓar albashin malanta, har da shugaban makaranta, da mai hutun haihuwa, da wanda ya tafi ƙaro karatu, da wanda aka ɗauke aka kai ofis. A ce makaranta na da yara 400 da malamai 10 a rajista, kowane malami na da 40 ke nan. Cire shugaba da mai hutu, sun zama 50. Biyu su yi ritaya a ƙi cike gurbinsu, aji ya doshi 67. Ga shi ritaya ba ta zaɓe: in malamin lissafi ɗaya tilo ne ya tafi, yawan malaman tarihi ba zai amfana wa kowa komai ba. Na kuma kawo gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985, inda aka kwatanta azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, aka ga na ƙananan azuzuwan sun fi a karatu da lissafi, musamman 'ya'yan talakawa.

Ana gobe muhawara shugaba ya kira ni da dare. Ya jujjuya shafukan, ya ce, "Wannan lissafin naka ba zai tayar da zaure ba. Ina kashi 26 na UNESCO?" Yana nufin zancen da ake yawan yi cewa UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a ware wa ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na neme shi ban same shi a wata takarda tasu ba. Abin da ke akwai shi ne matsayar taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015, wato a ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa."

Ya ce, "Kowa ya san 26. Kai ne za ka koya mini?" Ya ɗauki biro ya rubuta shi a gefen shafin farko.

Nan ne laifina, ba zan ɗora wa kowa ba. Na san adadin ba shi da tushe, yawo kawai yake daga baki zuwa baki har ya zama kamar gaskiya. Takardar Incheon tana cikin jakata a daren. Amma na gaji, kuma ina tsoron fushinsa, sai na koma na buga shi a sakin layi na farko, na kashe kwamfuta na tafi gida.

Washegari shugaba ya buɗe da shi, da murya sama. Minista ya bari ya gama tsaf, sannan ya miƙe cikin ladabi ya roƙi mai girma shugaban kwamiti ya taimaka wa zaure da sunan takardar da lambar shafi. Shiru. Sai ya zaro tasa ya karanto kashi 15 zuwa 20. Aka bushe da dariya. Daga nan babu wanda ya sake sauraron zancen aji mai yara 67, duk wanda ya tashi daga ɓangaren gwamnati sai ya ce ai an ga irin alƙaluman kwamiti. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko da ma'aunin gaskiyar aka auna, kason da aka ware wa ilimi bai kai ba. Da makaminmu a hannu muka je muka aro na kara. Kasafi ya wuce yadda aka kawo shi.

Da yamma, gaban ma'aikata da 'yan jarida biyu, shugaba ya ce yaran ofis ne suka ba shi adadi ba su bincika ba. Aka ba ni takardar tuhuma, ƙarin girmana ya tsaya shekara biyu. Shi kuwa aka sake ba shi kwamitin.

Da rahoton UNESCO kan malamai ya fito a 2024, na karanta shi ni kaɗai a ofis. Duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma malaman firamare masu barin aiki sun tashi daga kashi 4.6 a 2015 zuwa kashi 9 a 2022. Inda ake fita haka, a rufe ƙofar shiga, ai kora ce ba tare da an sa hannu a takardar kora ba. Na kai wa shugaba. Ya ce in ajiye sai lokacin kasafi.

Sauran darussan gajeru ne. Fara karanta kasafi daga jadawalin baya, can ake ɓoye guraben da aka soke. Kuɗin da aka amince da su daban, waɗanda aka saki daban. Ɗan majalisa ya fi son ginin aji a kan albashin malami, don gini ne ake kafa wa allo da sunansa. In aka ce za a fara tantance malaman bogi kafin a ɗauki sababbi, tambayi ranar gamawa. Ka girmama akawun kwamiti, ya fi kowa sanin inda takarda ta kwana.

Yaron da ya gaje ni ya roƙi fayil ɗin waccan muhawarar, na ba shi duka ban da shafi ɗaya. Shafin farko ne, mai 26 a gefe da rubutun hannun shugaba. Ranar da nake amsa tuhuma yana cikin aljihuna, ban fito da shi ba. Yanzu yana gida cikin akwati, tare da takardun makarantata.